Zaɓen Gilashin Zum Mai Rangwamen Farashi Domin Hoton Biki da Hoton Fuska

Daga cikin kayan aikin mai sana'ar ɗaukar hoton biki, babu wanda ya fi daɗewa a manne da kyamara kamar gilashin zum na matsakaicin zango, wato gilashin da ake murɗa zobensa ya buɗe har ya kwashe ɗaki da duk mutanen da ke ciki, a sake murɗawa ya matso har ya tsaya a kan fuskar mutum ɗaya. Dalilin haka yana cikin yanayin bikin kansa, domin ɗaurin aure ba ya wuce 'yan mintoci kuma ba a maimaita shi don mai hoto ya tsaya canza gilashi, sannan daga ƙofar masallaci zuwa wurin kamu, daga can zuwa zauren dina, haske da tazara da yawan jama'a suna sauyawa fiye da abin da gilashi mai tsayayyen zango guda ɗaya zai iya ɗauka. Sai dai irin wannan gilashi, idan na manyan kamfanonin kyamara ne, sau da yawa ya fi kyamarar da za a ɗaura shi a kanta tsada. Kamfanin Canon ya fito da EF 24-70mm f/2.8L II a shekarar 2012 a kan kimanin dalar Amurka 2,300, shi kuma Sony ya fito da FE 24-70mm f/2.8 GM a 2016 a kan kimanin dala 2,200, kuma tun da darajar naira ta faɗi bayan sauya tsarin canjin kuɗi a watan Yunin 2023, waɗannan farashi sun ƙara yi wa mai hoto a Kano ko Kaduna ko Sakkwato nisa.

Saboda haka galibin masu sana'ar dole ne su nemi mai sauƙin kuɗi, kuma abin da ke raba wanda ya ci riba da wanda ya yi asara shi ne sanin siffofin gilashi da za a iya sadaukarwa da waɗanda ba a taɓawa. Ana iya haƙura da sunan babban kamfani, da ɗan faɗin gani a ƙaramin ɓangaren zum, da ƙarfin gangar jiki irin na ƙarfe, amma faɗin ƙofar haske da amincin saiti, wato daidaita kaifin hoto a kan abin da ake ɗauka, su ne ginshiƙin aikin, kuma duk rangwamen da aka samu ta hanyar rage su, daga baya ake biyan kuɗinsa da hotunan da suka lalace.

Tsawon fokas da girman sensa

Lambobin farko da ake rubutawa a jikin gilashi, kamar 24-70mm, suna nuna tsawon fokas, wato ma'aunin da ke ƙayyade yawan filin da gilashin zai gani: ƙaramar lamba tana kwaso fili mai faɗi, babbar lamba kuma tana taƙaita gani tare da jawo abin da ke nesa. Amma waɗannan lambobi ba sa cika ma'ana sai an san girman sensa, farantin lantarkin da ke karɓar haske a cikin kyamara a madadin fim na da. Babbar sensa, wadda ake kira cikakken firam, tana da milimita 36 a faɗi da 24 a tsaye, girman da ta gada daga fim mai milimita 35, yayin da ƙaramar sensa da ake kira APS-C take ɗaukar tsakiyar hoton kawai, ta bar gefe. Domin sanin yadda gilashi zai yi gani a ƙaramar sensa, ana ninka tsawon fokas ɗinsa sau 1.6 a kyamarorin Canon, ko sau 1.5 a na Nikon da Sony da Fujifilm.

Wannan lissafi yana da muhimmanci, domin masu hoto da yawa suna fara sana'a ne da kyamarori masu ƙaramar sensa, irin su Canon 700D da 80D, ko Nikon D5300 da D7200. Idan aka ɗaura gilashin 24-70mm a kan Canon 80D, zai yi gani daidai da kimanin 38-112mm, wanda ke nufin faɗin da ake buƙata a cikin ɗakin amarya ya tafi, alhali an biya kuɗin gilashi mai girma da nauyi wanda aka ƙera domin ya cika babbar sensa. Takwaran 24-70mm a ƙaramar sensa shi ne 17-50mm ko 17-55mm, wanda ke ba da kimanin 27-80mm ko 27-88mm a Canon, da kimanin 26-75mm ko 26-83mm a Nikon. Wanda ya tabbata zai koma babbar sensa nan kusa yana da hujjar sayen 24-70mm tun yanzu, musamman da yake gilasan ƙaramar sensa na Canon, wato EF-S, ba sa hawa kyamarorinsa masu madubi da babbar sensa, kuma takwarorinsu na Nikon, wato DX, ko da sun hau, sai an yanke gefen hoton. Wanda kuwa komawar tasa fata ce kawai ba tare da ranar da aka tsayar ba, zai shafe shekaru yana aiki da gilashin da bai dace da kyamarar da ke hannunsa ba.

Ƙofar haske: inda ba a yin rangwame

Lamba ta biyu, wadda ake rubutawa da harafin f, tana nuna iyakar faɗin ƙofar haske, wato kafar da ke tsakiyar gilashi wadda wasu siraran fallayen ƙarfe suke buɗewa ko tsukewa. Ana samun lambar ne ta raba tsawon fokas da faɗin kafar, shi ya sa ƙaramar lamba take nufin babbar ƙofa, kuma a jerin f/2, f/2.8, f/4, f/5.6 da f/8, kowane mataki yana shigar da rabin hasken wanda ya gabace shi. Gilashin da ake haɗowa da kyamara a kwali, wanda galibi 18-55mm f/3.5-5.6 ne, yana farawa da f/3.5 amma yana tsukewa zuwa f/5.6 idan aka jawo shi ƙarshe, daidai wurin da ake ɗaukar hoton fuska, don haka a can yana shigar da kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na hasken da gilashin f/2.8 yake shigarwa.

Ana ganin tasirin wannan bambanci a zauren biki da daddare. Domin tsayar da motsin mutanen da ke tafiya ko rawa, ana buƙatar shata, wato labulen da ke buɗewa ya rufe a gaban sensa, ta yi aiki cikin kashi ɗaya bisa 200 na daƙiƙa ko kusa da haka. Idan hasken zauren ya ba da damar yin hakan a f/2.8 da ISO 1600, to a f/4 sai an ɗaga ISO zuwa 3200, a f/5.6 kuma zuwa 6400. ISO shi ne ma'aunin yadda kyamara take ƙara ƙarfin hasken da ta karɓa, kuma gwargwadon ɗaga shi, gwargwadon yadda ɗigo-ɗigo yake bayyana a hoto, launi ya dusashe. Wannan lahani ya fi fitowa a wuraren inuwa da launuka masu duhu, saboda haka idan mai hoto ya rage haske domin kada farar shaddar ango ta ƙone ta rasa aikin da ke jikinta, fuskokin da ba su samu isasshen haske ba su ne suke fara lalacewa. Akwai kuma fa'ida ta biyu ga gilashin da ƙofarsa ba ta sauyawa daga farkon zum zuwa ƙarshe, domin mai hoto yana iya daidaita haske da hannu sau ɗaya, da filasha ko ba da ita ba, ya ci gaba da jawowa da buɗewa ba tare da hoton ya yi duhu ba, abin da masu ɗaukar bidiyo suka fi kowa jin daɗinsa.

Duk da haka, gilasan f/4 masu dogon zango suna da matsayinsu a babbar sensa. Canon ya fito da EF 24-105mm f/4L IS a 2005, Nikon kuma ya fito da 24-120mm f/4G VR a 2010, kuma da yake an sayar da su da yawa a haɗe da kyamarori irin su Canon 5D da Nikon D750, sun wadata a kasuwar kayan hannu da farashi mai dama. Ga wanda yawancin aikinsa da rana ne, ko wanda yake amfani da filasha a kowane zaure, rasa mataki ɗaya na haske abu ne da babbar sensa ta zamani za ta iya ɗauka. A ƙaramar sensa kuwa, musamman tsohuwa, f/2.8 shi ne mafi ƙarancin abin da ya kamata a amince da shi.

Yadda aka zo ga 24-70 da 28-75

Gilashin zum na farko da aka sayar domin kyamarar hoto mai fim ɗin milimita 35 shi ne Zoomar 36-82mm f/2.8, wanda Frank Back ya tsara, aka fito da shi a 1959 tare da kamfanin Voigtländer na Jamus, kuma abin lura shi ne tun a wancan lokaci zangon da aka zaɓa na tsakiya ne, ƙofar kuma f/2.8. An daɗe ƙwararru ba su yarda da gilasan zum ba saboda rashin kaifi da yawan ƙyalli, har sai da tsarawa da kwamfuta, da shafe-shafen hana ƙyalli, da sababbin nau'o'in gilashi suka rage tazarar da ke tsakaninsu da masu tsayayyen zango. Canon ya fito da EF 28-70mm f/2.8L a 1993, ya maye gurbinsa da 24-70mm a 2002, shi kuma Nikon ya fito da 28-70mm f/2.8 a 1999, sai a 2007 ya kawo nasa 24-70mm ɗin. Ma'anar wannan tarihi ita ce ƙwararrun masu hoton biki sun yi shekaru masu yawa suna aiki da zum da ke farawa daga 28mm, kuma aikin bai gagara ba.

A kan wannan hujja ce kamfanin Tamron na Japan ya gina gilashinsa 28-75mm f/2.8 na 2003, wanda nauyinsa giram 510 ne, alhali 24-70mm na Canon na wancan lokaci yana da giram 950. Barin milimita huɗu a ƙaramin ɓangare ya ba da damar rage girman gilashin gaba, da nauyi, da kuɗi, ba tare da an taɓa ƙofar haske ba, kuma wannan dabara ce har yanzu take bayan mafi yawan gilasan matsakaicin zango masu rangwame.

Abin da milimita huɗu suke ɗauka, da abin da fuska take buƙata

Ana iya auna asarar da ke cikin barin 24mm. A babbar sensa, mai hoton da ya tsaya mita 3 daga jerin mutane zai kwashe faɗin mita 4.5 da 24mm, amma kimanin mita 3.9 da 28mm, wato bambancin mutum ɗaya ko biyu a jere. A fili, kamar wurin ɗaurin aure, taku ɗaya zuwa baya yana cike wannan giɓi, amma a ƙuntataccen ɗaki inda bango ya tokare bayan mai hoto kuma ƙawayen amarya sun cika gado da kujeru, babu inda za a ja da baya. Sai dai 24mm ɗin ma yana da nasa aibi, domin yana miƙar da duk abin da ya faɗo a gefen hoto, har fuskar wanda ke ƙarshen layi ta yi faɗi fiye da yadda take, shi ya sa masu gogewa suke fifita ɗaukar hoton rukuni daga nesa kaɗan a wajen 35mm idan wuri ya ba da dama.

A ɗaya ƙarshen zum ɗin kuma batun hoton fuska ne. Abin da ke sa hanci ya yi girma, kunnuwa su ja baya a hoto, shi ne kusancin kyamara da fuska, kuma tsawon fokas yana shiga maganar ne kawai domin shi ke ƙayyade inda mai hoto zai tsaya kafin fuskar ta cika firam. A 70mm ko 75mm, tsayuwa a nisan mita ɗaya da rabi zuwa biyu tana ba da hoto daga kai zuwa ƙirji ko ƙugu, da siffar fuska ta daidai. A nan ne kuma ake cin karo da zurfin kaifi, wato kaurin yankin da ke fitowa tar gaba da bayan wurin da aka saita. A 70mm da f/2.8 daga nisan mita 2, wannan yanki bai wuce kimanin santimita 14 ba a babbar sensa, wanda ya ishi fuska ɗaya amma bai ishi ango da amarya ba idan ɗaya ya ɗan ja baya, balle iyaye da dangi da suka jeru layi biyu ko uku, inda ake buƙatar tsuke ƙofa zuwa f/5.6 ko f/8.

Yawan dishi-dishin bayan hoto, wanda masu hotunan kafin biki suke matuƙar so, ana iya ƙiyasta shi da lissafi mai sauƙi: a raba tsawon fokas da lambar f, sakamakon shi ne faɗin kafar haske a milimita, kuma idan girman mutum a firam ɗaya ne, gilashin da kafarsa ta fi faɗi shi zai fi narkar da bango mai nisa. Gilashin kwali a 55mm da f/5.6 yana ba da kimanin milimita 10, na 17-50mm a ƙarshensa kimanin 18, na 24-70mm a ƙarshensa 25, shi kuma 24-105mm f/4 a 105mm yana ba da kimanin 26, wanda ke nuna cewa ta wannan fuska bai gaza mai f/2.8 ba. Akwai kuma kusancin da gilashi zai iya saitawa, domin zanen lalle a hannun amarya, da zobe, da aikin sirfani suna cikin hotunan da ake nema. Tamron na 2003 yana saitawa daga santimita 33, sabonsa na 2018 kuma daga santimita 19 a 28mm, yayin da EF 24-70mm f/2.8L II yake tsayawa a santimita 38.

Zaɓuɓɓuka gwargwadon kyamarar da ke hannu

Ga mai kyamara mai madubi da ƙaramar sensa, akwai Tamron 17-50mm f/2.8 na 2006, da ƙaninsa na 2009 mai na'urar hana girgiza, da Sigma 17-50mm f/2.8 OS na 2010, waɗanda su ne suka fi sauƙin kuɗi. Sama da su akwai Canon EF-S 17-55mm f/2.8 IS na 2006, mai saurin saiti da rashin ƙara, da Nikon 17-55mm f/2.8 DX na 2003, mai ƙarfin jiki amma marar na'urar hana girgiza. Sigma 18-35mm f/1.8 na 2013 ya fi su duka shigar da haske, amma yana da giram 810 kuma ya tsaya a 35mm, don haka ba ya isa ga hoton fuska sai da gilashi na biyu.

Ga mai babbar sensa a bakin EF na Canon ko F na Nikon, wato mahaɗin da ake ɗaura gilashi a jikin kyamara, tsohon Tamron 28-75mm shi ne matakin ƙasa, sai Tamron 24-70mm f/2.8 VC na 2012, wanda shi ne na farko a wannan zango da wannan ƙofa da ya zo da na'urar hana girgiza, aka kuma fito da shi a kan kimanin dala 1,300. A 2017 Tamron ya sabunta shi da samfurin G2, Sigma kuma ya kawo 24-70mm f/2.8 Art. Da yake masu hoto da yawa a duniya sun koma kyamarori marasa madubi tun bayan fitowar bakin RF na Canon da Z na Nikon a 2018, tsofaffin gilasan ƙwararru irin su Canon 24-70mm na 2002 da Nikon 24-70mm na 2007 suna shigowa kasuwar kayan hannu, wanda ake kira tokumbo, da farashin da bai kai na sabonsu ba ko kusa.

A kyamarori marasa madubi, bakin E na Sony ya fi kowanne yalwar zaɓi. Tamron 28-75mm f/2.8 na 2018, mai giram 550, ya fito a kan kimanin dala 800, wato ƙasa da rabin kuɗin GM na Sony, aka sabunta shi a 2021, shekarar da Sigma ya kawo 28-70mm f/2.8 mai giram 470. A ƙaramar sensa akwai Sigma 18-50mm f/2.8 mai giram 290, da Tamron 17-70mm f/2.8 mai na'urar hana girgiza, wanda dogon ƙarshensa ya kai daidai da 105mm. Nikon yana da nasa Z 28-75mm f/2.8, Canon kuma ya fito da RF 28-70mm f/2.8 IS STM a 2024, shekarar da gilasan Sigma da Tamron na ƙaramar sensa suka fara zuwa a bakin RF da izininsa. Hanya mafi arha ga mai Canon marar madubi sau da yawa ita ce adaftar EF zuwa RF, wadda ke ba tsofaffin gilasai damar aiki da cikakken saiti, haka ma adaftar FTZ ga mai Nikon, in ban da cewa ba ta juya saitin tsofaffin gilasan da ba su da mota a cikinsu.

Saiti da hana girgiza

Gilashi mai kaifi wanda saitinsa yake kuskure ba shi da amfani a biki, kuma a nan ne gilasan wasu kamfanoni suka fi samun suka a zamanin kyamarori masu madubi. A irin waɗannan kyamarori, na'urar da ke auna saiti daban take da sensa, tana ƙarƙashin madubi, don haka ƙaramin saɓani tsakanin kyamara da gilashi yana sa saitin ya faɗa gaban ido ko bayansa, kuma a zurfin kaifi na santimita 14 wannan ya isa ya sa idon amarya ya yi dishi-dishi, ɗankunnenta ya fito tar. Kyamarori irin su Canon 80D da 5D Mark III, da Nikon D7200 da D750, suna da wurin gyara wannan saɓani a cikin tsarinsu, amma Canon 700D da jerin D3000 da D5000 na Nikon ba su da shi, saboda haka mai irinsu ba shi da mafita sai gwaji kafin biya. Waɗannan ƙananan kyamarorin Nikon ba su kuma da motar saiti a jikinsu, don haka farkon samfurin Tamron 28-75mm na bakin Nikon, wanda ya dogara da motar kyamara, ba zai saita kansa a kansu ba, sai samfurin da ya biyo baya mai mota a ciki. Kyamarori marasa madubi suna auna saiti a kan sensa kai-tsaye, abin da ya kusan kawar da wannan matsala.

Na'urar hana girgiza, wadda Canon yake kira IS, Nikon VR, Sigma OS, Tamron kuma VC, tana gyara rawar hannun mai hoto ne kawai, ba ta tsayar da motsin wanda ake ɗauka. Tana da amfani a hoton kayan lefe, da adon zaure, da mutanen da suka tsaya cik, da kuma bidiyo, amma a filin rawa inda dole shata ta yi sauri, faɗin ƙofa ya fi ta amfani. Wanda kyamararsa take da hana girgiza a jikin sensa, kamar Sony a7 III ko Nikon Z6 ko Canon R6, ba ya buƙatar biyan kuɗinta a gilashi, amma Canon RP da Sony a6400 ba su da ita, don haka masu su sai su sa wannan a lissafi.

Sayen na hannu da kula da shi

Gilashin hannu ba a sayensa sai an ɗaura shi a kan kyamarar da zai yi aiki da ita. Ana haska tocila ta cikinsa a duba funfuna, wadda take fitowa kamar zaren gizo-gizo kuma tana iya cinye shafen gilashin, da hazo a tsakanin fallayen ciki, wanda ke wanke launi idan aka fuskanci fitila. 'Yar ƙura kaɗan ba ta shafar hoto, kuma ba dalili ba ce na fasa ciniki. Daga nan a ɗauki hoton bango mai rubutu ko gini mai nisa a f/2.8, a farkon zum da ƙarshensa, a duba kusurwoyi huɗu a allon kwamfuta, domin idan gefe ɗaya ya fi ɗaya laushi, alama ce gilashin ya taɓa faɗuwa har wani falle ya goce daga tsakiya. A gwada saiti sau da yawa a wuri mai ƙarancin haske, a saurari ƙarar mota, a tabbatar fallayen ƙofa suna tsukewa da sauri ba tare da maiƙo a jikinsu ba, a kuma ga ko zoben zum yana cijewa ko gilashin yana zamewa da kansa idan aka sunkuyar da shi. Rasit mai ɗauke da lambar gilashin kariya ce daga sayen kayan sata.

Yanayin ƙasa ma yana da nasa haraji. Kusan duk waɗannan gilasai suna miƙewa idan aka jawo su, suna zuƙar iska suna fitarwa, kuma a lokacin hunturu wannan iska cike take da ƙura, shi ya sa samfuran da aka yi wa robar toshe kafofi suke da fifiko, kuma rashin yawan cire gilashi a waje yana kare sensa. Da damina kuma laima ce abokiyar gaba, domin a cikinta funfuna take yaɗuwa, maganinta kuwa shi ne ajiye gilashi a akwati marar shigar iska tare da ƙullin sinadarin silika mai tsotse danshi. Ko girman bakin gilashi yana shiga kasafi, domin filtar milimita 67 da Tamron 28-75mm yake ɗauka ta fi ta milimita 82 ta EF 24-70mm f/2.8L II arha.

Inda rarar kuɗi za ta tafi

Amfanin sayen zum mai rangwame yana bayyana ne a abin da aka yi da kuɗin da suka rage. Abu na farko shi ne filasha mai juya kai, wadda ake harba haskenta a silin ko farin bango ya dawo da laushi, domin akwai zaurukan da ko f/2.8 ba ya isa. Na biyu shi ne gilashi mai tsayayyen zango da faffaɗar ƙofa, kamar 50mm f/1.8 a ƙaramar sensa, wanda yake gani daidai da 75mm ko 80mm, ko 85mm f/1.8 a babbar sensa. Bisa lissafin da ya gabata, kafar 50mm f/1.8 tana kusan milimita 28, ta 85mm f/1.8 kuma kusan 47, wato 85mm ɗin ya ninka abin da mafi tsadar 24-70mm f/2.8 zai iya bayarwa kusan sau biyu, alhali kuɗinsa bai kai rabin nasa ba. Wannan gilashi na biyu kuma shi ne madadi idan zum ya faɗi ko motarsa ta tsaya a tsakiyar biki.

Jerin tambayoyin da mai saye zai bi, ke nan, yana farawa da girman sensa da bakin kyamararsa, sai faɗin ƙofar haske gwargwadon duhun wuraren da yake aiki, sai amincin saiti a kan kyamararsa shi kansa, sannan a ƙarshe zango da nauyi da sunan kamfani. Mai hoton da ya haɗa 17-50mm ko 28-75mm f/2.8 da aka gwada da kyau, da filasha, da gilashin f/1.8 guda ɗaya, ya fi shirin fuskantar biki daga ɗaurin aure zuwa kai amarya a kan wanda ya zuba duk jarinsa a gilashi ɗaya mai tsada, ya tafi wurin aiki ba fitila ba madadi.